Gangar da Ta Rage a Cikin Safa

Cedar Fork, 11 ga Yuni

Maialen, jikar 'yar'uwata,

Ina gaishe ki, ina kuma fata takardar nan za ta same ki lafiya a can kan dutse, ke da tumakin da karnukan da dokin nan naki mai cizo. Ki gaishe mini da Hilario idan ya hau kai miki kayan abinci, ki ce masa ya daina danne wasiƙuna da buhun dankali.

Ni da sauƙi. Gwiwar hagu ta hana ni durƙusawa a coci, sai in zauna kamar baƙo. Kunnen kuwa kin san halinsa. Jiya waya ta yi ta ƙara, na ɗauka, na ji kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani, na ajiye. Waken da kika taya ni shukawa ya fito. Ranar Lahadi na dafa miyar rago tukunya guda, har yau ita nake ci, don tun rasuwar matata Dominika hannuna bai koyi awon mutum ɗaya ba.

Ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Ƙaramar bindigar nan da na mallaka miki shekara biyu da suka wuce, wadda na goge miki ranar da za ki hau dutse, ina so ki kawo mini ita. Ba kyautar nake janyewa ba. Ina so ne in riƙe ta a hannuna ko da na rabin sa'a. Kada ki ba Hilario, doka ba ta yarda ba. Ki sauko da kanki, ki biyo ta nan kafin ki shiga gari.

Na san ranar shida ga Agusta za ki je gaban Sajan Tolbert sabunta lasisinki na ɗaukar bindiga a ƙarƙashin riga. Kada ki je sai kin fara zuwa wurina. Na san abin da katin nan yake a gare ki tun da aka sako Dwight daga kurkuku. Kotu ta raba aurenku, ta kuma ce kada ya matso ki, amma takardar kotu ba ta raka mutum gidan mai ko kanti. Katin ne yake raka ki. Ba na so ki rasa shi.

Kada ki tambaye ni dalili a rubuce. Shekara talatin da ɗaya na yi ina akawu a ofishin Sherif, shugaban 'yan sandan gundumarmu, na sha ganin wasiƙa ta tashi ta ba da shaida a kan mai ita. Akwai dai abin da nake so in gyara tun da sauran lokaci. Kwanakin nan na gaji ƙwarai, Maialen, gidan kuma ya yi mini girma.

Kakanki,
Fermin Ithurburu

*

Sansanin tumaki, 27 ga Yuni

Kaka,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, sai kunar rana da ta saɓule mini hanci. Dokin ya ciji Hilario a kafaɗa, ya ce in gaya maka ramuwa ce aka yi maka. Miyar da ta kwana huɗu kuma ka zubar da ita, tsoho mai taurin kai, kafin ita ta zubar da kai.

Na gama wasan. Sau uku na karanta wasiƙarka, na uku a tsaye. Kana so ka riƙe bindiga na rabin sa'a. Ka gaji. Gidan ya yi maka girma. Kana so ka gyara wani abu tun da sauran lokaci. Kaka, me kake so in fahimta? Ina da shekara goma sha biyu lokacin da maƙwabcinka Arnaud ya shiga rumfar shanu da bindigarsa, wata biyar bayan an binne matarsa, bai fito da rai ba. Kai ka hana ni leƙawa. Shi ma an ce ya share gida tas, ya ce wa mutane ya gaji.

Ba zan kawo ta ba. Ka yi fushi, ka cire hotona daga bango, amma ba zan kawo ta ba. Tana nan a ƙuguna cikin kubenta yadda ka ɗura ta ka miƙo mini, ko buɗe ta ban yi ba. Idan dila ya matso garke doguwar bindiga nake ɗauka. Waccan ta mutum ɗaya ce, ka san shi, ina kuma roƙon Allah kada ranar ta zo.

Ba zan iya saukowa yanzu ba. Tumaki ɗari tara ne a hannuna, babu wanda zai karɓe ni kafin Agusta. Saboda haka na rubuta wa Mama, na ba Hilario tare da wannan. Na san ba kwa jituwa a kan maganar gidan tsofaffi, na san za ka ce na kai ƙararka. Na kai. Gara ka yi shekara ba ka yi mini magana ba.

Ranar shida ga Agusta, in na gama da Tolbert, zan biyo in kwana biyu. Za mu ci waken, ka yi mini faɗa ido da ido. Ka jira ni. Ka rubuto ka ce za ka jira ni.

Taka,
Maialen

*

Cedar Fork, 8 ga Yuli

Maialen,

Ina gaishe ki. Ina nan da raina, kuma zan jira ki, tunda kin ce in faɗa. Jikin yana nan yadda kika san shi. Arnaud bai ko faɗo mini a rai ba, 'yar nan. Da na sake tuna kalmomina sai na ga laifina ne. Na yi ta zagaye-zagaye kamar mai neman aure.

Uwarki Josefa ta zo ranar Asabar, tafiyar sa'a huɗu, ko kofi ba ta tsaya sha ba. Ta kwashe bindigar tsuntsaye, da doguwar bindigar mahaifina, da akwatin harsashi, ta zuba a bayan mota. Sannan ta buɗe aljihun tebur ta ɗauki wata safa mai nauyi. Na ce mata wannan ta Maialen ce, ta ajiye. Ta ce, "Kawu, yau ko cokali na ɗauka cewa za ka yi na Maialen ne." Ta tafi da ita. Da na buɗe baki na yi mata bayani da ta ajiye. Ban yi ba, yanzu za ki ga dalili.

Ki karanta wannan a natse. Kin san bindigarki ganga biyu gare ta, wato ƙarfen nan mai juyawa da ake zuba harsashi a ciki. Ɗaya tana cin gajeren harsashi mai lamba tara, ɗaya tana cin dogo mai lamba 357. A zare sanda ɗaya, a cire wannan a sa waccan, minti guda an gama. Da ƙaramar kika yi gwajin harbi, don ba ta dukan hannu. Saboda haka a katinki an buga sunan kamfani, da lambar jikin bindiga, da tara. Babbar kuwa kika bar mini ajiya a cikin safa.

Ranar tara ga Yuni na buɗe safar. Ƙaramar na gani a ciki.

Wato babbar ce a ƙugunki, da dogayen harsasai biyar, kuma ni na sa su. Katinki ya ce tara. A idon ofis, bindigar da kike ɗauke da ita ba ita ce aka ba ki izini ba. Ko harsasan da kike da su a jaka ba za su yi aiki a cikinta ba.

Za ki ce ai ƙarfe ɗaya ne, lambar jiki ɗaya. Haka kowa yake cewa. Wasu gundumomi na ji suna yarda a rubuta lamba biyu ga bindiga ɗaya, wasu ma ba sa karɓar irin wannan bindiga sam. Tamu layi ɗaya take bayarwa, lamba ɗaya. Da yatsuna na buga layin nan fiye da sau dubu. Na tuna wani makiyayi da aka tsayar a hanya da babbar ganga, ya zo yana dukan teburina wai doki in an sauya masa sirdi ai bai zama wani doki ba. Sherif na lokacin ya ce masa, "Ni ba doki na sa wa hannu ba, kati na sa wa hannu." Mutumin bai sake samun lasisi ba har ya mutu, ni na buga takardar sokewar.

Abin da ya hana ni magana shi ne wannan: ban tuna na sauya su ba. Na tuna mai da tsumma, na tuna kina ɗaure kaya a mota kina waƙa. Daga nan babu komai. Wataƙila hannuna ya koma shekarun da nake hawa dutse da babbar. Ba wannan ne na farko ba. A watan Afrilu na tsinci kaina a gaban gidan waya ban san me ya kawo ni ba. Idan Josefa ta ji, kafin sanyi ya faɗi ina gidan tsofaffi, a ɗaki ɗaya da wani mai tari. Na so ki zo in mayar da gangar shiru, kowa bai sani ba. Tsoro ne ya sa, ba hikima ba.

Ki buɗe 'yar ƙofar gefen, ki dubi gindin harsashin, lambar tana rubuce. Ki zazzage su. Ki kulle bindigar a akwatin ƙarfe kafin ki hau kwalta. Ki karɓo safar wurin uwarki, ki ce kayanki ne kawai. In za ki iya, kada ki gaya mata sauran.

Ki amsa mini da motar Hilario ta gaba.

Fermin

*

Cedar Fork, 25 ga Yuli

Maialen,

Gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta hana ki rubutu, ba wani abu ba. Ni ina cin abinci, kada ki damu, ko da yake ba ya wucewa da daɗi.

Kwana goma sha bakwai ke nan. Kowace safiya ina zuwa bakin hanya in buɗe akwatin wasiƙa, in rufe, in sake buɗewa kamar zai canza ra'ayi. Hayaƙin gobarar daji ya rufe dutsen tun makon jiya. Matar gidan waya ta rubuta mini a bayan ambulan, don ta gaji da yi mini ihu, cewa an kori garkuna daga gefen kudu, amma ba ta san inda aka kai naku ba. Ta ƙara layi ɗaya a ƙasa: an ga a-kori-kurar Dwight sau biyu a kantin abincin dabbobi.

Ko fushi kike yi? In fushi ne, kina da gaskiya, amma ki aiko ko da kalma biyu ce, ki ce kin buɗe.

Akwai kuma abin da ya fi wannan cin raina. Ban tabbata na aika waccan wasiƙar ba. Ina ganin kamar na manna kan sarki, ina ganin kamar na sa ta a akwati. Na duba aljihun kwat, da cikin littafin addu'a, har cikin firji na duba, don na taɓa samun makullina a can. Ban gan ta ba, to ko ta tafi. Saboda haka zan maimaita a gajarce, in kin riga kin sani ki yi haƙuri. Gangar da ke jikin bindigarki babbar ce, 357, ba ta tara da ke katinki ba. Ni na sauya da mantuwa. Ƙaramar tana wurin uwarki a cikin safa. Kada ki shiga gari da ita a jikinki. Kada ki tsaya gaban Tolbert da ita haka.

Sau biyu na fara rubuta wa Josefa, sau biyu na yage. Ina gaya wa kaina ai wasiƙar farko ta isa gare ki.

Sun karɓe mini tuƙi tun bara, ba zan iya hawowa ba. Amma ranar shida ga wata zan ɗauki kujera in zauna a mararrabar da kike saukowa tun da sassafe. In kin ga tsoho da hula yana ɗaga sanda, ki taka burki.

Fermin

*

Gari, 7 ga Agusta

Kaka,

Ina gaishe ka. Jikina lafiya. Sauran ba lafiya ba.

Wasiƙunka biyu yau da safe suka shigo hannuna, a ɗaure da roba a ofishin gonar da nake yi wa kiwo. Da wuta ta taso aka kora mu gefen arewa, kwana huɗu muna tafiya, Hilario kuma aka tura shi jigilar ruwa, wanda ya maye gurbinsa bai san ana ɗauko wasiƙa ba. Ta hanyar arewa na sauko, ban bi mararrabarka ba. Har yaushe ka zauna a ranar nan?

Jiya na je filin harbi. Mu shida ne. Tolbert ya ce kowa ya fito da tasa ya zazzage a kan tebur. Na ciro ta daga ƙarƙashin riga a gabansa, ina ma tsokanarsa cewa ya yi tumbi. Na buɗe, na tura sandar, sai ga dogon harsashi ya faɗo. Ya ɗauka ya juya gindinsa, ya dubi katina, ya sake duban harsashin. Bai ɗaga murya ba. Ya ce sauran su dakata, ya ja ni gefe, ya tambaye ni tun yaushe. Na ce ban san da su ba.

Ya ce, "Maialen, wannan amsar ta fi laifin muni. Wata biyu kina kwana da bindiga ba ki san abin da ke cikinta ba?"

Gaskiyarsa ce. Kai ka ɗura, ni kuma ban duba ba, alhali kai ka koya mini cewa ko Fada na coci ne ya miƙo mini bindiga in buɗe.

Ya tambayi wanda ya taɓa ta bayan ni. Na ƙi faɗa masa. A lokacin na zaci da gangan ka yi saboda Dwight, ban so in ja sunanka cikin ofishin da ka yi wa aiki ba. Ya karɓe katin. Ya ce bai kai maganar kotu ba tukuna, amma dole ya rubuta wa Sherif, kuma ina da zuwa ashirin ga wata in kawo bayani a rubuce, in ba haka ba sokewa ce. Bindigar tana kulle a akwati a bayan mota, ba harsashi.

Da na fito na tsaya shan mai. Dwight yana tsallaken titi, ya jingina da motarsa. Bai matso ba. Hularsa kawai ya ɗaga mini. Na riƙe bututun man da hannu biyu har tanki ya cika. A garin nan magana ba ta kwana, ina jin ya riga ya ji.

Na yi maka mummunar fahimta, na turo Mama ta kwashe maka kaya, ka yafe mini. Amma Kaka, layi ɗaya ya ishe ka tun a watan Yuni. Layi ɗaya. Ina jin haushinka, ina kuma jin tausayinka, ban san wanda ya fi ba. Shi ya sa ban biyo ba, ina tsoron abin da bakina zai faɗa.

Ban gaya wa Mama komai ba, ba kuma zan sa sunanka a bayanin ba. Zan ce ni na sauya na manta. Gobe zan koma wurin tumaki, can ya fi mini kwanciyar hankali. Ka aiko ta ofishin gonar.

Maialen

*

Cedar Fork, 15 ga Agusta

Maialen,

Ina gaishe ki, ina fata kin isa sansani lafiya. Ƙeyata ta ƙone a mararraba, har ƙarfe huɗu na zauna, amma ta fara saɓa, ta warke. Kada ki rubuta ƙaryar nan. In kin rubuta ki yage. An riga an gama.

Ranar Laraba na sa kwat ɗin jana'iza, na roƙi Fada ya kai ni gari. Shekara goma sha tara rabona da ofishin. Inda teburina yake an ajiye injin kofi. Babu wanda ya gane ni sai Tolbert, wanda na san shi tun yana satar tuffa a bayan coci. Na tuna masa, ya ce in rage murya akwai mutane.

Ya kai ni wurin Sherif, mace ce yanzu, ba ta kai uwarki shekaru ba. Na ce su yi mini magana da ƙarfi ko su rubuta. Na ajiye musu abu uku a tebur. Na farko bayanina, shafi ɗaya, na buga shi da tsohuwar tafiretata, kwanan wata da komai, na sa hannu a gabansu. Na biyu takardar likita ta watan Afrilu. Ban gaya miki akwai ta ba, ban gaya wa kowa ba, a ƙarƙashin katifa take tun ranar da aka ba ni. Sunan ciwon yana ciki, da abin da zai biyo baya. Na uku nawa katin, wanda nake sabuntawa shekara arba'in da biyu.

Ta karanta duka biyun ba ta yi gaggawa ba. Sannan ta tambaye ni ko na san abin da takardar likitan za ta jawo mini in ta shiga fayil. Na ce ni na tsara fayilolin nan tun ba a haife ta ba. Ta ce duk da haka ke ma kina da naki laifin. Na ce kina da shi, kuma kin faɗa da bakinki.

Na ce mata, "Yarinyar nan abu ɗaya ta yi, ta yarda da ni. Ni kuwa na san kaina ya fara yoyo, na ɓoye, na ɗura mata bindiga. In akwai katin da za a soke, ga shi nan a gabanki."

Na tambaye ta ko za a rubuta miki lamba biyun, a huta. Ta ce a'a, layi ɗaya lamba ɗaya, kamar yadda na bar shi. Ban san ko in ji daɗi ko in ji haushi ba. Ga abin da ta yanke: ki zo ranar ashirin da bakwai da ƙaramar ganga a jiki, ki sake zaman aji na yini guda, ki sake harbi. Babbar kada ta sake kwana gida ɗaya da bindigar. In kin ci, za a mayar miki. Za a rubuta gargaɗi a fayil ɗinki.

Daga nan na sa Tolbert ya kira Josefa a wayarsa, na gaya mata komai, shi yana maimaita mini amsarta. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Za ta kawo safar ofishin gonar ranar Asabar. Ta ce za ta biyo nan da kwalayen kwashe kayana.

Kafin ranar, kada ki sauko gari ke kaɗai.

Fermin

*

Gari, 27 ga Agusta

Kaka,

Gaisuwa a tsaye, a kan murfin mota nake rubutu. Lafiya lau.

Katin yana aljihuna. Tara aka buga, tara ce a ciki, na buɗe na duba sau uku har Tolbert ya ce in bar ta haka kada ta yi mura. Harsashi ɗaya kawai na kuskure. Hilario ne ya rako ni, ya zauna a mota da sandarsa kamar mai gadin banki. Ban ga Dwight ba, ban kuma neme shi ba.

Tolbert ya ba ni labarin zuwanka. Ya ce ka gyara masa kuskure biyu a takardar da ya rubuta kafin ka yarda ka fita.

Na yi magana da Mama. Mun yi ta sosai. Ta bar kwalayen a rumfarka, amma ta yarda ba za a taɓa ko kofi ɗaya ba sai na sauko da tumaki a watan Oktoba. Ban ce na ci nasara ba, Kaka. Na karanta kwafin takardar likitan. Amma duk inda za a kai ka, ni zan tuƙa, kuma sai na ga ɗakin da idona, da mai tarin.

Haushin ya tafi. Ka ci abinci.

Maialen

*

Cedar Fork, 4 ga Satumba

Maialen,

Na gode wa Allah, na gode miki. Ina lafiya. Da na karanta cewa katin yana aljihunki sai na zauna a kan matakala na daɗe, har matar gidan waya ta tsayar da mota ta tambaya ko faɗuwa na yi.

Kwalayen ba su dame ni kamar yadda na zata ba. Na fara cika ɗaya da kaina, kayan Dominika, don ba na so wani ya naɗe su ba daidai ba. Oktoba ya yi. Ki taho da cuku daga gonar in sun yi.

Ina da roƙo ɗaya, ba zan zagaya ba wannan karon. Ki ci gaba da rubuto mini, ko bayan an kai ni can. Amma ki riƙa sa sunanki a sama, a layin farko, da manyan baƙaƙe, ki ƙara da cewa jikar 'yar'uwata Graciana ce. Wasiƙarki ta ƙarshe na kai tsakiya ina murna, ina ta murna, ban san wace ce take ba ni labarin ba sai da na juya ƙasa.

Kakanki,
Fermin Ithurburu